Keken da Kika Ɗaure a Jikin Taga

Bawku, ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Azumi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kin isa Yendi lafiya, hanya ba ta karya miki ƙugu ba. Allah ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa. Ki gaishe mini da Gwaggonki Hajiya Memuna, ki ce ina godiya da ta ba ki ɗaki. In za ki gaishe ta ki durƙusa sosai. Takardar aikin jinya da kika samo ba ta hana gwiwa lanƙwasa.

Ba zan ba ki labarin gida ba. Kwana huɗu ne da tafiyarki, kaji ma ba su lura ba tukuna. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ran Asabar, da na raka ki tasha na dawo, na tarar da kekena ɗaure a jikin ƙarfen taga, da sarƙa da sabon kwaɗo. Na duba ƙarƙashin tabarma, na duba saman ƙofa, na duba cikin gwangwanin allura. Sai na zauna a kan turmi na gane cewa mabuɗin yana cikin mota tare da ke, ya kusa Garu. Kin yi aikin da kyau. Kin zura sarƙar ta tayar baya da jikin keken, ba ta tayar gaba ba da kowa zai iya kwancewa. A tasha kuma kin rungume ni, kin ce in riƙa shan magani a kan lokaci, ba ki ce uffan a kan wannan ba.

Na san dalilinki, ba sai kin faɗa ba. Kin ga faɗuwar da na yi watan jiya, da amalanken jaki ya shigo mini a kwanar kasuwar albasa. Ke kika wanke mini gwiwa, ke kika naɗe hannun da ya kumbura, na ɓangaren da aka cire nonon. Kin kuma ji abin da matan layinmu suka ce: wai malamar sakandare, da shekarunta, da ciwon daji a jikinta, tana yawo a kan keke kamar mai tallan kananzir, 'yarta kuwa nas. Na san wannan "'yarta kuwa nas" ya fi gwiwar tawa yi miki zafi.

Na so in yi fushi, abin ya ƙi. Ina kallon sarƙar nan sai na ga hannuna a cikin aikin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai abin da na yi wa babanki wanda ban taɓa gaya miki ba, shekara goma sha biyu ke nan. Yau zan faɗa.

Kina da shekara tara lokacin da ya kwanta, a Salaga, ba a daɗe da fita daga babbar yunwar da aka yi a ƙasar nan ba. Galibi a kwance kike tuna shi, don haka bari in tuna miki shi a tsaye. Malam Yahuza malamin gona ne, aikinsa yawo. Yana da baƙin keken nan mai sanda, da shi yake zaga ƙauyukan hanyar Kpandai yana koya wa manoman doya abin da suka fi shi sani, in ji shi da bakinsa. Mutum ne da ba ya iya tunani a zaune. In mun yi faɗa ba ya ramawa, sai ya hau keke ya tafi, ya dawo da amsa da ƙullin gyaɗa.

A Kumasi aka yi masa aiki, aka yanke wani yanki na hanjinsa. Likita ya kira ni gefe, ya yi mini Turanci a natse, irin wanda ake yi wa wadda aka ga ta je jami'a. Kansa ce, ta riga ta bazu, shekara guda in an yi sa'a. Ya ƙara da cewa a bar shi ya yi duk abin da jikinsa ya yarda, ya yi tafiya, ya ci abin da ransa ke so. Na riƙe rabin farko na maganar, na zubar da rabin ƙarshe a bakin ƙofar asibiti. Na koma wurin babanki na ce masa gyambon ciki ne, an cire, sai hutu.

Mutumin da ke karanta takardar maganin ƙwari da ƙananan rubutunta, shi na ɗauka ba zai karanta katin asibitinsa ba. Bai ƙaryata ni ba. Lokaci lokaci dai yakan ce, "Malama, wannan gyambon naki akwai taurin kai." Ni kuma in ce haka gyambo yake. A aikinki za ki ga dangi da yawa suna jan ki gefe suna cewa kada a gaya wa mara lafiya. Ba zan ce ki yi gardama da kowa ba, ke baƙuwa ce a Yendi. Amma ki sani yawanci mai ciwon ya riga su sani. Abin da ɓoyon ke yi kawai shi ne ya bar shi shi kaɗai da abin da ya sani, yana kuma wahalar yi musu kamar bai sani ba.

Bayan wata uku da dawowarmu, wata safiya na ji ƙarar famfo a tsakar gida. Yana ba keken iska. Ran farko ƙarshen layi ya je ya juyo. Bayan mako ya kai tsofaffin rijiyoyin bayan gari. Kafin wata ya cika yana zuwa gonar wani abokinsa ya zauna a kan kunya ya soki yadda aka yi shuka. Yakan dawo da gumi, ya ce a tuƙa masa tuwo da miyar ayoyo, ya cinye. Na ga wannan da idona. Ina so ki riƙe cewa na gani, don kada ki yi mini uzurin rashin sani.

To amma tun muna Kumasi na rubuta wa danginsa na Yendi wasiƙa. Wasiƙa ce mai kyau, shafi biyu, na zaɓi kalmomi. Na ce ɗan'uwansu yana tsakanin rai da mutuwa, a taya mu da addu'a.

Kin san yadda muke. Mara lafiya a wurinmu yana da aiki, aikinsa shi ne a same shi. Wanda ya taso don dubiya lada ya zo nema, kuma ladan ba ya cika sai ya tarar da mutum a kan tabarma, da kofin ruwa a gefe, ya ce sannu, a amsa masa da ƙaramar murya. Wasiƙar ta yi watanni a hanya. Wata Lahadi Gwaggonki ta sauka da mata shida, da zabi huɗu a kwando, da gorar rubutu. Lokacin ba ta je Makka ba, Yaya Memuna muke ce mata. Suka yi sallama da muryar gidan makoki, suka wuce ɗakinsa kai tsaye. Tabarma a naɗe.

"Ina mara lafiyar?"

"Ya ɗan fita, Yaya."

"Ya zaga baya?"

"A'a. Ya hau keke."

Babu wadda ta zauna. Muna nan tsaye sai ga ƙararrawa a zaure, ya shigo yana tura keken, hula a karkace, da doya biyu ɗaure a baya. Ya gan su ya washe baki. "Yaya! Ai da na san kuna tafe da na kwanta."

Biyu daga cikin matan suka yi dariya suka rufe baki da mayafi. Gwaggonki ba ta yi ba. Ta ce, "Yahuza, tun asuba muka bar Yendi, mota ta kusa zazzago mana da hanji. Na yi kuka a gaban mutane. Na sa an yi maka sauka. Yanzu in koma in ce musu me? Na tarar da kai kana sukuwa?" Sannan ta juyo kaina. "Ke kuma Hajara, da ake cewa kin yi karatu mai zurfi, haka ake jinya a littafinku? Ko dai ƙarya kika rubuto mana, ko kuma kin gaji da shi kin sake shi ya je ya faɗi a jeji. Zaɓi ɗaya."

Kada ki riƙe ta da wannan. Ƙanenta ne, ita ta goye shi, ta kuma sha hanya da tsoro a cikinta. Laifin nawa ne. Amsa tana bakina, amsar likita ce ma, da na faɗa da ta wuce. Amma don in faɗa sai na ambaci sunan ciwon a gabansa, ni kuwa na riga na ce gyambo. Ƙaryar farko ta toshe mini baki. Abin da ya fi ci mini rai kuma, in gaya miki gaskiya, ba lafiyarsa ba ce. An ce wasiƙata ƙarya ce. Ni da nake gyara rubutun yara da jan alƙalami.

Ran Talata, bayan sun tafi, yana barcin azahar, na ɗauki reza na tsaga tayar baya. Da ya tashi na nuna masa, na ce wataƙila kwalba ya taka. Na tura keken da kaina zuwa rumfar Baba Seidu mai faci, wani dattijon Bagwanje da ke bakin kasuwa. Ya shafa wurin da yatsa. Irin Hausarsa ce ta kasuwa, kowa "ka" ne a wurinsa.

"Madam, wannan ba kwalba ba ne. Reza ne. Amma ba komai, zan ɗinke, gobe ka zo ka ɗauka."

Na ce kada ya ɗinke. Na ce in Malam ya zo ya ce masa tayar ta mutu, sai sabuwa, sabuwa kuma babu.

"Ni tsoho ne, Madam."

"Don lafiyarsa ne, Baba."

Ya dube ni, sannan ya ɗaga keken ya rataye a can cikin rumfa. Ƙaryar ta zauna daram, domin a shekarun nan babu abin da ake samu a ƙasar nan. Sabulu ma sai an yi layi, balle taya. Duk wanda aka ce wa kaya ba su zo ba, ba ya musu.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga nan. Duk ranar da kika ga kina shirin yi wa mara lafiya alheri a ɓoye, ki tsaya ki tambayi kanki me ya sa sai a ɓoye. Ki kuma duba da kyau wa kike karewa, shi ko sunanki. Ni na rantse wa kaina cewa shi nake karewa, har na yarda. Mai ilimi ya fi kowa iya ruɗin kansa, yana da kayan aiki. Sannan kada ki taɓa jawo wani ya yi ƙarya a madadinki don kawai yana jin nauyinki. Baba Seidu bai yarda da ni ba, kunyar Madam ya ji.

Da farko babanki yakan bi ta rumfar duk Juma'a bayan masallaci. Baba Seidu ya ce masa, taya bai zo ba, Malam. Daga baya tafiyar ƙasa ta gagare shi, domin ta fi keke gajiyar da shi, sai ya riƙa aike na. In fita in zaga kasuwa in sayi gishiri, in dawo in ce ba ta zo ba tukuna. Ya zama mara lafiya na gari. Duk wanda ya zo ya same shi. Mutanen Yendi suka sake zuwa sau biyu, suka tafi da gamsuwa, har Gwaggonki ta yaba da yadda nake kula da shi. Tuwon nan da yake cinyewa ya koma loma uku, sannan koko, sannan ruwan koko.

Ba na cewa keke zai warkar da shi. Ciwon ya riga ya yi nisa, kuma ajali ba ya jin ƙararrawa. Amma yana da watanni biyar ko shida da ƙafafunsa ke aiki, da zai yi su a hanya, iska tana dukan fuskarsa. Na karɓe su na shimfiɗa masa tabarma.

Saura kamar mako biyu ya rasu, da la'asar, ana yayyafi, ina yanke masa farce. Ya ce, "Malama."

Na ce na'am.

"Ki je ki ce wa Seidu ya huta haka nan. Dattijo ne, kada ya yi ta kwasar zunubi saboda mu."

Ban ɗaga kai ba. Na ci gaba da yankan farcen har na gama yatsu goma. Wannan ita ce damar da aka ba ni in ce ka yafe mini, na yi amfani da ita wajen gyara masa farce. Azumi, in an buɗe miki ƙofa irin wannan ki shiga a lokacin, ko da muryarki za ta yi rawa. Kada ki jira ki shirya kalmomi masu kyau. Ni na shirya su tsaf, suna nan har yau.

Ran sadakar uku Baba Seidu ya turo keken har ƙofar gida. Ya ɗinke tayar, ya sa wa sarƙa mai, ya goge ƙarfen. Ya jingina shi a bango, ya yi wa maza gaisuwa, ya tafi bai dube ni ba. Ke kika fara gani. Kika rugo cikin mata kina cewa, "Mma, taya ta zo! Tayar Baba ta zo!" Na ce miki e, ta zo. Wataƙila kin manta. Ni ban manta ba.

Bayan shekara biyu aka yi mini canjin wurin aiki zuwa nan Bawku. Na tarar da mata a kan keke ko'ina, Kusasawa da Mosawa da Busawa, da buhun gero a baya da goyo a bayansu. Ni 'yar tsohon gidan Salaga, mai digiri, na riƙa kallonsu ta tagar ajin ina jin tausayinsu. A gidanmu mace mai mutunci tafiya take yi a hankali, ta isa a makare.

Kina makarantar jinya lokacin da na taɓa ƙullutu a nono na hagu. Na san mene ne tun ran farko. Babu wadda ta fi ni sani a garin nan. Na yi wata bakwai ban nuna wa kowa ba. Na ce sai yara sun gama jarrabawa, sannan sai an gama gyaran takardu, sannan sai bayan azumi. Matar ƙauye da ta kai nata wurin mai magani aƙalla ta kai shi wani wuri. Ni na zauna a kan nawa da ilimina duka. Da na je Kumasi likita ya tambaye ni tun yaushe, na ce wata biyu, ya dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye littafinsa. Ke kuma uwa da uba duk sun yi wannan ciwo. Ki riƙa duba jikinki duk wata. In kin ji wani abu, ki kai a makon, ko da ranar aurenki ta faɗo a ciki.

Sauran kin san shi, ke kika yi jinyar a lokacin hutunki: aikin, da alluran nan masu zubar da gashi, da aman. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda kwanciyar take daga ciki, bayan kin koma makaranta. Sai da na hau tabarmar na san abin da na shimfiɗa wa babanki. Ya jiki? Da sauƙi. Ya jiki? Da sauƙi. Sau arba'in a yini, ko da sauƙin ko babu. In sun gama gaisuwa sai su zauna su yi hira a kaina, su lissafo duk wadda wannan ciwo ya kashe daga nan har Zebilla, da yadda ta rame, da abin da ta ce a ƙarshe. Mutanen kirki ne, da kwanon abinci suke zuwa. Amma na lura kowa yana shigowa da fuska iri ɗaya, kamar a zaure ake rarraba ta. Hannuna na hagu ya ƙi ɗaguwa sama da kafaɗa. Abinci ya koma kamar takarda a bakina.

Ranar da Mma Lamisi ta fara shigowa gidan nan ba kya nan, kuma ban taɓa ba ki labarin yadda aka yi ba. Ba ta san ni ba. Bakusashiya ce mai kawo albasa daga wajen Binduri, ta ji a kasuwa an ce an yanke wa Madam nono. Ta jingina kekenta a zaure, ta shigo, mata biyar na zaune. Ba ta ce ya jiki ba. Ta ɗaga rigarta a gabansu. Tabo ne tsoho, ya yi fari.

"Shekara takwas," ta ce. "Ka duba da kyau."

Sannan ta sa hannu a ɓangaren rigar nono da babu komai, ta zaro ƙullin goro. "Nan ne ma'ajiyi na. Ɓarawo bai taɓa tunanin wurin nan ba."

Wata Hajiya ta ce a'uzu billahi ta jawo mayafi. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini, har ɗinkin ya yi zafi. Rabona da dariya tun kafin Kumasi.

"Madam, ka iya keke?"

Na ce ban iya ba.

"Ka je makaranta babba, ba ka iya keke ba? To mene suka koya maka can?" Ta tsinke goro ta ba ni rabi. "Gado yana cin mutum fiye da ciwo. In ɗinki ya kama, zan zo."

Ta zo. A filin makaranta, lokacin dogon hutu, da sassafe. Mace mai shekara hamsin da wani abu ta riƙe mini bayan keke tana gudu tana ihu: "Duba gaba! Ƙasa ba ya gudu, yana nan yana jiran ka!" Na faɗi har na daina ƙirgawa. Mai gadin makaranta ya riƙa juya baya don ya rufa mini asiri. A mako na uku na ji muryarta ta yi nisa, na waiga, tana can tsakiyar fili da hannu a ƙugu. Waigen ya sa na sake faɗuwa, amma na riga na iya.

Hannun ne ya fara sakin jiki, don riƙon kan keke yana miƙar da shi ba tare da na lura ba. Sannan yunwa ta dawo, yunwa ta gaske, har na tsaya a bakin hanya na sayi wake da shinkafa na ci a tsaye kamar 'yar makaranta. Barci ma ya dawo. Amma babban abin ba a jiki yake ba. A kan keke babu mai iya yi mini dubiya. Kafin mutum ya gama haɗa fuskar tausayi na wuce, sai dai ya ɗaga hannu kamar yadda ake ɗaga wa kowa. Awa guda a yini ni ba mara lafiya ba ce, wata mata ce da za ta wani wuri.

Ranar da na fahimci wannan muna hanyar Binduri. Na sauka a gindin wata ɗorawa na yi kukan da ban yi ba a Salaga. Mma Lamisi ta ɗauka ciwon ne, ta ce mu juya. Na ce a'a, wani na tuna. Ba ta tambaye ni ko wa ba. Ta zauna ta ci goronta har na gama.

Yanzu mu huɗu ne masu wannan ciwo, muna hawa tare duk ranar da ba kasuwa ba. Da mu biyar ne. Wadda ta rasu bara tana hawa har saura mako shida, a ƙarshe mu ke rage gudu mu yi kamar mun gaji. Ba mu da suna, ba mu da shugaba, ba ma maganar ciwo sai in wata ta ga dama. A ɗakin marasa lafiyarki za ki haɗu da masu irin wannan ciwo. Bayan kin auna zafi kin rubuta, ki tambayi mutum abin da yake yi da ƙafafunsa da hannuwansa kafin ya kwanta. In akwai ɗan abin da ya rage da zai iya, ki tsaya masa a gaban dangi. Su ba za su ji daga bakinsa ba, amma farar riga suna jin maganarta.

Saura magana ɗaya, kuma a wannan karon ba zan zauna a kanta ba. Ran Lahadi ina wanka na taɓa wani abu a hammata ta dama, kamar ƙwayar gujiya. Ran Litinin na kai asibiti. Sun ba ni takarda zuwa Kumasi, nan da mako uku. Mai yiwuwa ba komai ba ne, likitan ma haka ya ce, amma ya faɗa yana kallon takarda. Kada ki nemi izini ki dawo, ba a fara aiki da neman izini. In an ga wani abu zan gaya miki sunansa yadda aka gaya mini.

In alluran nan za a sake, kin san yadda suke mayar da ni. Za a yi watanni ban iya ɗaga ƙafa na haye keke ba, in ma zan sake hawa. Abin da nake da tabbas a kai mako uku ne, ga shi kwana huɗu sun riga sun tafi ina kallonsa ta taga.

Jiya Mma Lamisi ta zo da guduma a cikin buhun albasa. Ta ce, "Kwaɗo na China ne, bugu ɗaya." Na hana ta. Ta ce ashe har yanzu makaranta babba ba ta sake ni ba. Ta yiwu gaskiyarta ce. Amma in na fasa, abin da za ki koya kawai shi ne uwarki tana da taurin kai, wannan kuwa kin daɗe da sani. Kuma ke nas ce, kin ga hannun nan da idon aiki, mai yiwuwa kin ga abin da ban gani ba. Zan iya sake faɗuwa. Na san haka, na kuma auna, na ga na fi son in faɗi a hanya da in zauna lafiya a kan turmi. Jikin nawa ne, ina ganin ya kamata a tambaye ni.

Direban da ya kai ki shi zai kawo miki wannan takarda, ran Asabar kuma zai juyo. In kin yarda, ki naɗe mabuɗin a takarda ki ba shi. In kin karanta duk wannan kin ga har yanzu ba ki yarda ba, to ki rubuto ki ce, Mma, na hana, ga dalilina. Zan ji haushi, zan ba ki amsa, za mu yi gardama kamar mutane biyu masu rai. Abu ɗaya kawai nake roƙo: kada ki ce mini mabuɗin ya ɓace.

Abin da na gaya miki game da babanki kuma, ba na neman ki ce komai yanzu. In kin ji kin tsane ni na ɗan lokaci, hakkinki ne. Ki dai sa shi a addu'a, ki sa Baba Seidu, na ji ya rasu shekara uku da suka wuce ban je ba.

Allah ya tsare ki a inda ba na ganinki. Ya sa hannunki ya zama sanyi ga duk wanda kika taɓa, ya kare ki daga ciwon da kike jinya, ya ba ki baki mai faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya yi miki albarka, ya sada mu da alheri.

Mahaifiyarki,
Hajara.